Yadda Mata Suka Shiga Aikin Kwana-Kwana

 Da yake kowa ya san in hunturu ya kama gobara takan yawaita a kasuwanni da gidaje, sai muka ga ya dace a wannan fitowa mu waiwayi tarihin 'yan kwana-kwana, amma ta wani ɓangare da ba a cika maganarsa ba, watau yadda mata suka samu shiga wannan aiki.

Duk wanda ya taɓa ganin gobara ta tashi da rana tsaka a unguwa irin tamu, ya san wa ke fara kai ɗauki. Maza suna kasuwa, wasu suna kara, wasu suna tasha. Wadda za ta ƙwalla ihu, ta fizgo yara waje, ta sunkuci bokiti ta nufi rijiya, ai mace ce. Sau da yawa kafin a ji jiniyar motar kwana-kwana, matan gida da na maƙwabta sun riga sun ci rabin aikin. To amma in motar ta iso, kusan duk waɗanda za su diro daga cikinta maza ne. Haka abin yake a wajenmu, haka kuma ya daɗe a ƙasashen Turawa. Abin da muka lura da shi cikin wannan tarihi shi ne, duk lokacin da wuta ta fi ƙarfin maza ba wanda ke hana mace kama mesa. Gardama takan tashi ne ranar da aikin ya zama na kaki da albashi da fansho. Yawancin labarin a Amurka da Ingila ya faru, saboda haka can za mu fi daɗewa kafin mu dawo gida.

Baiwar da ta ja keken ruwa

A farkon ƙarni na 19 babu motar kwana-kwana. Abin da ake da shi famfo ne na hannu da aka ɗora bisa ƙafafun keke. In wuta ta tashi, sai mutane su ɗaura masa igiya su ja shi da gudu zuwa wurin, sa'an nan su jeru gefe da gefe suna buga hannun famfon har ruwa ya fita. Masu wannan aiki a birnin Niyok na Amurka duk 'yan sa-kai ne, kowace unguwa da ƙungiyarta, ba a biyan kowa ko kwabo.

A ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, mai lamba 11, akwai wata baƙar fata mai suna Molly Williams. Baiwa ce ta wani attajiri Benjamin Aymar, wanda yake ɗan ƙungiyar ne. Labarin da 'yan kwana-kwanan birnin suka adana shi ne, a shekarar 1818 aka yi wata irin dusar ƙanƙara mai tsanani, ga kuma mura ta kwantar da yawancin mazan ƙungiyar, sai gobara ta tashi. Molly ta fito da rigarta ta aikin gida ta kama igiya tare da 'yan mazan da suka samu fitowa, suka ja famfon cikin ƙanƙara. Ita ce mace ta farko da aka san sunanta a tarihin kashe gobara na Amurka. A lura fa, matar da ko kanta ba ta mallaka ba, ba a tsaya tambayar ko tana da ƙarfi ba, don ranar ana bukatar hannu.

Can ɗaya gefen ƙasar, a birnin San Faransisko, wata 'yar masu hali Lillie Hitchcock Coit ta taso da son aikin tun tana yarinya, har takan bi ƙungiya mai lamba 5 wurin gobara. A 1863 suka ba ta matsayin mamba ta girmamawa. Da ta rasu a 1929 ta bar wa birnin wani kaso na dukiyarta, aka gina wata hasumiya da sunanta a 1933. A Ingila kuma, ɗalibai mata na kwalejin Girton da ke wajen garin Kambirij suka kafa tasu rundunar a ƙarshen shekarun 1870, saboda makarantarsu na da nisa da gari, kafin taimako ya iso wuta ta gama ɓarna. Sun riƙa atisaye da bokitai da tsani da mesa, kuma rundunar ta rayu har 1932.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A shekarar 1865 aka rushe ƙungiyoyin sa-kai na Niyok, aka kafa hukuma mai biyan albashi. Tun daga ranar aka rufe ƙofa. Sai da aka yi shekara 117 kafin mace ta sa kakin wannan hukuma a matsayin mai kashe wuta.

Lokacin da bama-bamai suka sauka a Landan

Yaƙin Duniya na Biyu ya sake buɗe ƙofar, amma ta wucin gadi. Tun 1938 gwamnatin Ingila ta hango cewa in yaƙi ya ɓarke jiragen Jamus za su ƙona garuruwa, sai ta kafa rundunar taimakon 'yan kwana-kwana, aka kuma karɓi mata. Ran 7 ga Satumba, 1940, Jamusawa suka fara ruwan bama-bamai a Landan, suka yi kusan wata biyu suna zuwa dare bayan dare. A 1941 aka haɗe ƙananan rundunonin ƙasar fiye da 1,000 suka zama hukuma guda ta ƙasa, kuma zuwa 1943 matan da ke cikinta sun haura 70,000, in aka haɗa masu aikin dindindin da masu zuwa bayan sun tashi daga nasu aikin.

A bisa takarda, ba a ɗauke su don su fuskanci wuta ba. Aikinsu shi ne zama kan tarho a ɗakin karɓar kira, da rubuta inda kowace mota ta nufa, da tuƙi, da kai saƙo bisa babur in wayoyi sun yanke, da kai wa ma'aikata abinci. To amma bam bai san takarda ba. Mai tuƙi da mai babur duk cikin wutar suke ratsawa, kuma akwai waɗanda suka rasa rayukansu.

Wata budurwa mai shekara 21, Gillian Tanner, ita ce misalin da aka fi tunawa. Famfunan kashe wuta na lokacin da fetur suke aiki, in man ya ƙare ruwa ya tsaya ke nan. A wani dare cikin Satumba 1940 ta ɗauko babbar mota maƙare da garewanin fetur, galan 150, ta riƙa bi wuta-wuta a kudancin Landan tana kai wa masu famfo mai, alhali bama-bamai na faɗowa. Kowa ya san abin da tartsatsi guda zai yi wa irin wannan mota. Daga baya aka ba ta lambar jarumta mai sunan Sarki Joji.

Da yaƙi ya ƙare fa? A 1948 aka rushe hukumar ta ƙasa, aka mayar da aikin hannun ƙananan hukumomi. Matan suka koma gida, sai 'yan kaɗan da aka bari kan tarho da aikin ofis. Aka yi shekara fiye da 30 kafin a sake ganin mace bisa motar kashe gobara a Landan.

Doka ta canza, zukata ba su canza ba

A Amurka, gwagwarmayar baƙaƙen fata ce ta share wa mata hanya. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata ko addini ko kasancewar mutum namiji ko mace. A 1971 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci cewa duk jarrabawar ɗaukar aiki da ke zubar da wani rukuni na mutane, tilas mai ba da aikin ya nuna tana da alaƙa da aikin da za a yi. A 1972 kuma aka faɗaɗa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, waɗanda su ne ke riƙe da 'yan kwana-kwana.

A 1974 gundumar Arlington ta jihar Bajiniya ta ɗauki Judith Livers, wadda ake lissafawa a matsayin mace ta farko da ta zama 'yar kwana-kwana mai cikakken albashi a ƙasar. Mijinta ɗan kwana-kwana ne, kuma wajen taya shi bitar littattafan aiki sha'awar abin ta kama ta. Abin mamaki, waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya su ne matan abokan aikinta. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikata kwana suke yi a tasha, a ɗaki guda, kuma ba macen da za ta so mijinta ya kwana ɗaki ɗaya da wata. Mu ma da a nan ne, ai wannan ce tambayar farko da za a yi. Maganinta bai wuce gyaran gini ba, a ware wurin kwana da makewayi, abin da tashoshi da yawa suka yi daga baya. Judith ta ci gaba da aikinta har ta zama babbar jami'a, ta yi ritaya a 1999.

Shari'ar Brenda Berkman

Babban karon a Niyok aka yi shi. A 1977 hukumar kashe gobara ta birnin ta yarda, a karo na farko, mata su zauna jarrabawar shiga. Mata kimanin 400 suka yi ta rubutu, kuma kusan dukansu suka ci. Saura ta ƙarfin jiki. A nan aka ce mutum ya saɓa mutum-mutumi mai nauyin kilo 54 a kafaɗa ya hau bene da shi ya sauko, ya haure katanga mai tsawon ƙafa 8, ya yi gudun mil guda, ya yi dogon tsalle daga tsaye, ya rataye jikinsa a ƙarfe da lanƙwasassun hannuwa, a kuma auna ƙarfin damƙarsa. Mata wajen 90 suka gwada, ba wadda ta ci ko ɗaya. Cikin maza kuwa, kusan rabi suka haye.

Cikin waɗanda suka faɗi akwai Brenda Berkman, 'yar jihar Minesota, wadda a lokacin take karatun lauya a birnin. A 1979 ta kai ƙara kotun tarayya. Mutane da yawa sun ɗauka so take a sassauta wa mata, amma ba haka ƙararta ta ce ba. Cewa ta yi jarrabawar ba ta auna aikin da ɗan kwana-kwana ke yi a zahiri.

Ya kamata mu yi wa ɗaya ɓangaren adalci, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Ƙungiyar ma'aikatan ta tsaya kai da fata cewa wannan aiki na rai da mutuwa ne. Kayan da mutum ke sawa kaɗai, da tukunyar iskar shaƙa a baya, sun haura kilo 20, ga mesa cike da ruwa, ga tsani, ga gatari. In abokin aikinka ya faɗi cikin hayaƙi, kai ne za ka fitar da shi. Suka ce duk ranar da aka rage ma'auni don a faranta wa wani, to wani zai mutu. Wannan gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai musa.

Tambayar da ke gaban kotu ita ce, shin wannan ma'aunin shi ne na aikin? Wanda ya san gobara ya san hayaƙi da zafi sama suke tashi, shi ya sa mai ceto yakan sunkuya ya ja mutum a ƙasa, ba kasafai yake miƙewa ya saɓa shi a kafaɗa ba. Haka kuma wutar da za a yi awa biyu ana fama da ita juriya take bukata fiye da tsalle guda. A watan Maris 1982 alƙali Charles Sifton ya yanke hukunci cewa birnin ya kasa nuna alaƙar jarrabawar da aikin. Ya ba da umurni a shirya wata sabuwa, a sake gwada matan. A ƙarshen shekarar mata kimanin 40 suka shiga aiki, har da ita Brenda, wadda ta ajiye aikin lauya ta sa kaki.

Cin shari'a daban, zaman tasha daban. A al'adar 'yan kwana-kwanan Niyok, ma'aikatan tasha kuɗi suke haɗawa su dafa abinci su ci tare, kamar 'yan gida ɗaya. Hukunci mafi zafi a wajensu shi ne a ware mutum daga kwano. Haka aka yi wa wasu daga cikin matan nan. Brenda ta ba da labarin yadda aka riƙa yi mata barazanar kisa ta tarho, da yadda ta taɓa tarar da an zuƙe iskar tukunyarta. Wanda aka yi wa haka, an ɗora masa tsoro biyu ke nan, na wutar da ke gabansa da na wanda ke bayansa. A 1983, da lokacin gwajinsu ya cika, aka kori Brenda da wata abokiyar aikinta Zaida Gonzalez, wai ba su iya aiki ba. Suka koma gaban alƙali Sifton, ya binciki yadda aka horar da su da yadda aka auna su, ya ga ba a yi musu adalci ba, ya ce a mayar da su.

Brenda ta kafa ƙungiyar mata 'yan kwana-kwana ta birnin, ta kuma ci gaba da hawa. Ran 11 ga Satumba, 2001, ranar da aka kai hari kan tagwayen benaye na Niyok, tana laftana kuma ba ta bakin aiki, amma ta nemi kaya ta ruga wurin. Hukumar ta rasa ma'aikata 343 a wannan rana, da yawansu mutanen da ta yi aiki da su ne. Ta yi kwanaki tana tonon ɓaraguzai tare da sauran. A 2006 ta yi ritaya da muƙamin kyaftin. Wata kuma daga cikin 'yan 1982, Rochelle Jones, ta zama shugabar bataliya a 2003. Duk da haka kada mu ɗauka an gama. A lokacin harin na 2001 hukumar na da ma'aikata fiye da 11,000, amma mata ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ma'auni guda ga kowa

Amfanin da wannan rigima ta haifar ya wuce mata kaɗai. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar ma'aikatan kashe gobara da ta shugabanninsu a Amurka da Kanada suka zauna suka tsara jarrabawa guda wadda kowane sashe nata kwaikwayon aikin ne. Mai nema zai sa riga mai nauyin kusan kilo 23, madadin kayan aiki. Zai hau matakala da ƙarin nauyi a kafaɗa, ya ja mesa, ya ɗauki kayan aiki, ya tayar da tsani, ya bugi ƙofa da guduma, ya yi rarrafe cikin wani lungu mai duhu, ya ja mutum-mutumi mai kilo 75, sa'an nan ya huda rufi da ƙugiya ya jawo shi. Sassa 8 ke nan, a jere ba hutu, cikin minti 10 da daƙiƙa 20. Ba a rage wa mace ko daƙiƙa guda, ba a ƙara wa namiji. Maza da yawa sukan faɗi, mata da suka yi shiri sukan ci. Garuruwa da dama suka karɓi wannan tsari. Ashe dai maganar Hausawa ce, sai an gwada akan san na ƙwarai, amma fa a gwada mutum da abin da zai yi.

Wata matsala da ta fito fili bayan mata sun shiga ita ce ta kaya. Takalma da safar hannu da riguna da abin rufe fuska duk bisa jikin namiji aka ɗinka su. Abin rufe fuskar da bai zauna daidai ba kuwa hayaƙi zai shiga, safar da ta yi yawa kuma ba ta riƙe igiya. Sai da aka yi shekaru ana kuka kafin masu ƙera kayan su fara yin na mata.

Landan da Indiya

A Ingila dokar hana bambanci tsakanin maza da mata ta fito a 1975, amma sai 1982 Sue Batten ta shiga rundunar Landan, Josephine Reynolds kuma ta shiga ta yankin Norfolk. A 1988 wata yarinya mai shekara 18, Dany Cotton, ta shiga rundunar Landan, kuma ba ta daɗe da gama horo ba aka tura ta wurin haɗarin jiragen ƙasa na Clapham a watan Disamba na shekarar. A Janairu 2017 ta zama shugabar rundunar baki ɗaya, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera. Kusan wata shida bayan haka, ran 14 ga Yuni, benen Grenfell ya kama wuta, mutum 72 suka mutu. Kwamitin bincike ya yaba wa jarumtar ma'aikata, amma ya zargi shugabannin rundunar da jinkirin janye umurnin da aka ba mazauna benen na su zauna a ɗakunansu. Ta bar aiki a ƙarshen 2019. Mun kawo wannan ne don kada a ce daɗi kawai muke faɗa. Wadda ta karɓi kujera ta karɓi tuhumar da ke tare da ita, kamar yadda namiji zai karɓa.

A Indiya kuma, kwalejin horar da jami'an kashe gobara ta ƙasa da ke Nagpur ta yi shekaru fiye da 40 ba ta taɓa ɗaukar mace ba, sai a 2002 da Harshini Kanhekar ta ci jarrabawar shiga. Makarantar ko ɗakin kwanan mata ba ta da shi, sai aka yarda ta riƙa komawa gida da dare. Ta gama, ta zama jami'ar kashe gobara a kamfanin mai na gwamnatin ƙasar.

Mu dawo gida

A nan Nijeriya aikin kwana-kwana a Ikko ya fara, a 1901, a matsayin wani sashe na 'yan sanda. Dokar 1963 ce ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, jihohi kuma kowace ta kafa tata. Manyanmu ba su manta da gobarar dogon benen sadarwa na Ikko a 1983 ba, ko ta benen Cocoa House na Badun a Janairu 1985. Ta babbar kasuwar Jos a 2002 da ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 kuwa, akwai 'yan'uwanmu da har yau ba su farfaɗo daga asararsu ba. Mu 'yan kasuwa ne, gidajenmu a cunkushe suke, lungunanmu ƙanana, saboda haka ba wanda ya kai mu bukatar hukumar kashe gobara mai kyau.

Mata suna cikin wannan aiki a ƙasarmu, a hukumar tarayya da ta jihohi. A shekarun 2021 zuwa 2023, duk wanda ke sauraron labarin gobara a Ikko ya riƙa jin sunan Margaret Adeseye, domin ita ce darektar hukumar kashe gobara da ceto ta jihar a lokacin, maza ɗaruruwa suna ƙarƙashinta. To ina namu 'ya'yan? Mun sa su makaranta, sun gama sakandare, wasu har da difloma, amma in an buɗe ɗaukar ma'aikata a irin wannan hukuma ko takardar ba ma karɓa, sai daga baya mu ce an ware mu.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. Sau da yawa gobarar gida daga abin da ke hannun mata take tashi, risho ne, ko tukunyar gas, ko kyandir, ko maganin sauro na kunnawa, ko jarkar fetur ɗin janareta da aka ajiye kusa da murhu. Rabin aikin 'yan kwana-kwana shi ne koya wa jama'a rigakafi, misali kada a zuba ruwa kan man da ya kama wuta a kasko, a rufe shi da murfi, a kashe mitar lantarki kafin a watsa ruwa, a kuma sunkuya in hayaƙi ya cika ɗaki. Gidajenmu da yawa an rubuta ba shiga a ƙofarsu. Jami'i namiji iyakarsa zaure. Jami'a mace mai jin Hausa kuwa har madafa za ta shiga, ta duba gas ɗin da idonta, ta yi wa uwargida bayani da harshen da take ji.

Ba mu ce kowace yarinya ta dace da wannan aiki ba, kamar yadda ba kowane yaro ya dace da shi ba. Akwai haɗari, akwai kwanan tasha, kuma uba yana da hakkin ya tambayi inda 'yarsa za ta kwana da irin kayan da za a sa mata. Abin da muke roƙo shi ne a je a yi tambayar a ofishinsu, a ga wurin, kada a yanke hukunci daga jita-jitar bakin titi. A cikin hukumar akwai masu fita da mota, akwai masu karɓar kira, akwai masu duba gine-gine, akwai masu ba da taimakon farko. Muna kuma ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su gayyato jami'an kashe gobara na yankinmu, su nemi a haɗo da mata a cikinsu, a tara iyayenmu mata a yi musu bita kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya kare mu da dukiyoyinmu daga gobara, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, amin. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.